Ƙaramar Tarakta Mai Ruwan Toka

Bakori, Fabrairu 1991

Zuwa ga ƙanena Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya kuma sanyin ƙasar nan taku? Yara suna gaishe ka.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Taraktar marigayi maigidana ta mutu murus. Issahaku makanike ya ce injin ne ya tsage, ko walda ba za ta riƙe shi ba. Ka san gonar nan ta bakin dam ba gado ba ce, aro hukuma ta ba shi, bisa sharaɗin duk wanda ya bar tasa damina biyu ba noma za a karɓe. Bara ina takaba, ko fartanya ba a sa mata ba. Bana ce ta biyu, kuma da ita nake ciyar da marayun nan.

Kada ma ka ce min in ɗauki hayar ta gwamnati. Sai sun gama da gonakin manya tukuna, kafin su waiwayi mace irina dawar mutane ta kai gwiwa. Garmarmu kuwa ƙaramar taraktar nan mai ruwan toka, irin tamu da ta mutu, kaɗai take kamawa. Ai a can aka ƙera ta! Kai da kake aiki a kamfanin motoci, ka nemo mana irinta ko tsohuwa ce tukuf, a sako ta a jirgi kafin ruwa ya sauka.

Allah ya tsare min kai.
Yayarka, Karimatu

Dagenham, Maris 1991

Yaya Karimatu,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonki, ina gaishe ki da yara da kyau.

Har na kama wuri a jirgin ruwan da zai tashi daga Tilbury zuwa Apapa. Amma Yaya, abin da na tarar sai kin yi mamaki: taraktar nan taku a nan kayan tarihi ce. Tun kafin a haife ni aka daina ƙera ta. Manomansu sun koma manya-manya masu shan dizal, da ɗakin gilashi a sama, har da rediyo da abin ɗumama ƙafa. Ƙananan masu shan fetur da kananzir kuwa wasu dattawa ne ke bi suna saye, su yi musu fenti, su kulle a rumfa, in rana ta fito su jera su a fili mutane su yi kallo. Wallahi na ga wadda aka goge wa taya da man takalmi.

Na je gwanjo, suka yi ta ɗaga hannu har nawa ya gaji na sauke. Amma na ga talla a jarida, wata tsohuwa a wani ƙauye a yankin Essex za ta sayar da ta mijinta da ya rasu. Asabar zan je. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki, Uwaisu

Dagenham, Afrilu 1991

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Na daɗe da biro a hannu na rasa ta inda zan fara.

Na je. Da na isa na tarar wani dattijo, Bernard, ya riga ni, yana zagaya ta. Aka tayar da ita, bugu ɗaya ta kama, injin lafiya lau, har da busasshiyar laka a tayoyinta. Irin taku ce sak. Bernard ya taya, kuma abin da ya taya bai kai wanda ke aljihuna ba. Tsohuwar ta juyo ta zuba min ido.

Na yi shiru, Yaya. Kin san yadda Baba ya rene mu a kasuwar hatsi: in mutum yana ciniki ba ka sa baki sai an ce masa albarka ya matsa. Jira nake ta ce masa albarka in shiga. Ita kuma ashe ni take jira. Da ta ga ban ce uffan ba, sai ta miƙa masa hannu, suka gama.

Bayan nan ta ba ni shayi, na ba ta labarinki. Sai ta dafe kai. Ta ce, "Yaro, me ya hana ka magana? Na zaci ba ta yi maka ba ne. Mijina ya tsani a mai da tarakta abin kallo, da kai zan ba." Na ce ta janye mana. Ta ce su ma in an sha hannu an gama.

Na bi Bernard har mota ina roƙo, har da ƙari. Ba mugu ba ne. Ya ce irinta babansa ya koya masa tuƙi da ita, shekara da shekaru yana nema. Wai in zo bikinsu na bazara zai bar ni in hau.

Jirgi ya tashi babu mu. Ina nan ina nema, amma ban ga ta yadda za ta riski damina ba. Kunya ta hana ni barci. Ki yafe min.

Ƙanenki, Uwaisu

Bakori, Yuni 1991

Uwaisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ruwa ya zauna. Jiya mutanen hukuma suka zo da igiyar awo, sun ba wani gonar. Ka daina nema.

Ba ka yi laifi ba, haka aka koya mana, kuma da ni ce a wurin wataƙila shirun zan yi. Na yafe maka. Amma yau kam, ɗan uwana, bakina ba zai iya ce maka ka kyauta ba.

Ka ci abinci, ka yi barci.
Yayarka, Karimatu