Maganin Zayyanu Ba Nata Ba Ne

Gwandu,
Bayan ƙaramar Sallah.

Zuwa ga Yaya Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kun isa Kalgo lafiya. Ya gajiyar hanya? Ƙaninki Malam Basharu yana gaishe ki, yara ma duk suna gaida Goggonsu.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san sai da na haifi huɗu kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na kira ki a waya, to wayar ta Malam ce, kuma maganar ba za ta fito daga bakina a gabansa ba. A kan ɗiyarki ce. Na san ba tarbiyyarmu ba ce uwa ta sa ido a kan 'yar fari, balle wadda aka ba ki tun daga yaye. Shekara goma sha uku ban taɓa tambayarki ko me ta ci ba. Yau dai ki yafe mini.

Ranar da kuka zo mana barka da Sallah, tana miƙo miki kofin fura sai ta tsaya cak. Idonta a buɗe, fatar idon tana rawa. Kin kira ta ba ta amsa ba, kika dungure mata kai kika ce ta fara raina mutane. Da ta dawo sai ta bi ki da kallo, ba ta san laifin da ta yi ba. Kafin la'asar na ga haka ya fi a ƙirga. Washegari da safe kuma hannunta ya zabura har cokali ya faɗi.

Yaya, tun da ƙaninta Zayyanu ya kamu nake zaryar asibiti a Birnin Kebbi. Likitansa ya ce mini farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai kayar da mutum yana jijjiga, wadda kowa ya sani. Akwai wadda hankali kawai yake ɗaukewa na ɗan lokaci, mutum yana tsaye. Akwai mai fizgar hannu da sassafe. Ina tsoron abin da na gani. Ku da kuke bakin Birnin Kebbi, don Allah ki kai ta a duba.

Ki huta lafiya.
Taki,
Tasalla.

*

Kalgo.

Tasalla,

Wa alaikumus salam. Mun iso lafiya, gajiya ta bi lafiya. A gaida Basharu da yara.

Lawal direba ya kawo mini takardarki. Na karanta na riƙe baki, na ce ashe haka boko yake cire wa mutum kunya? Da can ko sunan yarinyar aka ambata sai ki sunkuyar da kai, yau har ƙifta idonta kike lissafawa.

Mufida lafiyarta ƙalau. Shirme ne na 'yan mata. Ni ma da nake kamarta nakan tafi tunani har tuwo ya kama. Ke dai tun da Allah ya jarrabe ki da na Zayyanu, kowa kika kalla ciwo kike gani.

Sunan ciwon nan kuma kada ki sake rubuta shi ki aiko gidana. Takarda tana faɗuwa a hanya. In maganar ta fita a unguwa, wa zai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ita? Wa zai zo neman aurenta gobe? Ni ita kaɗai gare ni, ke kina da huɗu a gabanki.

Na ba Lawal daddawa ya kawo miki.

Yayarku,
Sa'adiyya.

*

Kalgo,
Farkon damina.

Tasalla,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, amma ba ni da natsuwar tsawaita ta.

Mufida ta faɗi jiya da safe a tsakar gida. Ta yi wata ƙara, ta sandare, sannan ta shiga jijjiga, ta ciji harshe. Ban taɓa ganin tashin hankali irin wannan ba. Allah ya rufa asiri ƙofa a rufe take, ba wanda ya gani. Da ta farka ta yi barci, yanzu tana cin abinci kamar ba ita ba.

Ba sai kin ce mini kin faɗa ba. Abin da nake so, ki ɗebi maganin Zayyanu ki ƙulle a leda ki ba Lawal, ki ce masa na hawan jinina ne. Asibiti ba zan je ba. Rabin mutanen Kalgo can suke yini, ina shiga layin masu wannan ciwo labari ya riga ni dawowa gida. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, ciwonsu ɗaya. Abin da ya yi wa ƙanin amfani zai yi wa yayar.

Ina jira.
Sa'adiyya.

*

Gwandu.

Zuwa ga Yaya Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya. 

Yaya, ban taɓa hana ki komai ba. Da kika ce ita kike so, ban ce uffan ba, ni na haɗa mata kayanta. Amma wannan magani ba zan aiko ba. Ki karanta dalilina kafin ki yi fushi.

Ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na Zayyanu daga gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa yake tasowa, tun zazzaɓin da ya taɓa masa kai. Yakan ce yana jin ƙaurin abu, babban yatsansa na dama ya fara motsi, ya riƙa tauna baki ba komai a ciki, wani lokaci a nan zai tsaya, wani lokaci ya kai shi ƙasa. Maganinsa sunansa kabamazafin, na kwafo daga jikin kwalin. Ranar da aka fara ba shi, likita ya riƙe kwalin bai sake mini ba sai da ya ce, "Hajiya, kada ki taɓa sammawa wani. Ku mutanenmu akwai kirki, maƙwabci na ciwon kai sai ku ba shi naku. Wannan ba haka yake ba. Mai irin ciwon da hankali ke ɗaukewa ko hannu ke zabura, in ya sha wannan, ciwon ƙaruwa zai iya yi." Yaya, irin nata ke nan ya faɗa, tun ban san zan gani a gidanmu ba.

In ta sake faɗuwa, ki kwantar da ita a gefe ɗaya, ki janye abin da zai ji mata ciwo. Kada ki sa mata cokali a baki, kada ki ɗura mata ruwa ko rubutu sai ta dawo sarai. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwo, ni nake goge na Zayyanu da hannuna.

Yanzu ga abin da ya fi mini nauyi. In idon mutanen Kalgo kike gudu, ki ba ni aronta. A nan kowa ya saba ganina a motar asibiti, ba mai tambaya. Na san ba a bayar da ɗa a dawo ana nema, na san abin da dangi za su kira ni. Na yarda su kira. Ki bar ta a hannuna har a gane maganinta ya zauna mata, sannan ki yi yadda kika ga dama.

Ki yafe mini tsaurin ido.
Taki,
Tasalla.

*

Gwandu.

Yaya,

Salamu alaikum. Na yi ta sauraren amsarki, shiru.

Yau Zayyanu ya faɗi a bakin turken awaki, rabonsa da faɗuwa tun bara. Na je ɗauko maganinsa na ji kwalin ba nauyi. Ashe kwanan nan rabi-rabi Malam yake ba shi don kada ya ƙare da wuri. Na tambaye shi, ashe ɗiba ya yi ya aiko miki ban sani ba. Ya ce, "Tasalla, Yaya ce ta goya ni da Innarmu ta rasu. Ta kira ni tana kuka. Da wane bakin zan ce mata a'a?"

Ban ce masa komai ba. Ke ma ba zan ce miki komai ba, ba ni da wannan matsayin. Amma don girman Allah, in kin fara ba ta, ki ɗauki ledar da yarinyar ku tafi asibiti yau, ki nuna musu abin da take sha. Kada ki bar ta kusa da murhu.

Tasalla.

*

Kalgo,
Ƙarshen damina.

Zuwa ga Tasalla,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Zayyanu, ya ƙarfin jikinsa? An sallamo mu shekaranjiya.

Takardarki ta ƙarshe ta zo na ajiye ban buɗe ba, don fushi nake da ke. Washegari hannun Mufida ya zabura tana sauke tukunyar koko. Sauran kin gani da idonki a asibiti. Sun ce hannun zai warke, amma yatsu biyu ba lalle su ƙara miƙewa ba.

Bayan tafiyarki sun liƙa mata wayoyi a kai suka auna. Likitar ta ce irin nata duk ƙwaƙwalwar yake kamawa gaba ɗaya, kuma ƙwayar da na ba ta ita ta ƙara rura shi. Ta ce akwai wani magani mai ƙarfi a kan irin wannan, amma ba su cika son ba 'ya mace shi ba saboda yana iya taɓa abin da za ta haifa nan gaba. Sai suka ɗora ta a kan wani, lebetirasitam, safe da yamma. Tun da ta fara ban ga ta zabura ba. Na ce wa likitar, "Uwarta ta faɗa mini." Ta ce, "Ba ke ce uwar ba?" 

Tasalla, na yanke shawarar ba ki ita. Ba aro ba, gaba ɗaya. Jiya na zaunar da ita ina shafa mata man ƙuna, na ce, "Mufida, za ki koma Gwandu wurin mahaifiyarki, ta fi ni sanin ciwon nan."

Ta ce, "Inna, don na ƙone ne za ki mayar da ni?"

Na ce, "Ke tafi can, ja'ira, ita ta roƙa."

Ta ce, "Adda Tasalla? Wadda ta zo asibiti ta zauna can bakin ƙofa? Kowa ya taɓa ni ya ce sannu, har matar gadon kusa da mu. Ita ko hannun ba ta kalla ba. Ƙyamata take ji, Inna. Ko sunana ba ta iya faɗa."

Na ce mata kunya ce, surukanki sun cika ɗakin, haka aka tarbiyyantar da mu. Na ce na ga mayafinki ya jiƙe da kika fita. Ta ce ita ba ta gani ba. Na ɗauko takardunki zan karanta mata, ta toshe kunne da hannu mai lafiyar, ta yi ta kuka har na ji tsoron kada ciwon ya tashi. Ta ce in na sa ta a motar Lawal, ba za ta ƙara haɗiyar ƙwaya ko ɗaya ba.

Ni dai na ba ki. In kin ce a kawo ta, ko tana ihu zan kawo ta. Magana tana wurinki.

Ki yafe mini.
Yayarki,
Sa'adiyya.

*

Gwandu.

Zuwa ga Yaya Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Zayyanu da sauƙi, an mayar da shi kan ƙa'idarsa. Na gode da kyautar da kika yi mini, Allah ya saka da alheri. Ba zan karɓa ba.

Shan maganin ya fi zuwanta. Ki bar ta inda za ta sha. Kada ki bari ya yanke ko da kin ga ta warke, in ya kusa ƙarewa ki aiko tun da wuri. Ta riƙa samun barci isasshe. Kada ki ƙara yi mata maganata, kuka ba ya yi mata kyau.

Tun ranar da na roƙe ki aronta na sa aka ɗinka mata katifa, don likita ya ce irinsu kwanan ƙasa ya fi musu gado. Tana nan a ɗakina, ba wanda ya hau. Na sa Lawal ya ɗaure ta a saman mota. Ki shimfiɗa mata nesa da bango. In ta tambaya, ki ce ke kika saya.

Ki huta lafiya.
Tasalla.