Dabinon da Ya Dawo daga Ingila

Hindawiyya, Makka,
cikin watan Safar.

Zuwa ga 'yata Mujahida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya buɗa miki karatu, Ya kare ki daga sanyin garin nan naku da aka ce yana shiga har ɓargo. Mu nan alhamdulillahi. Ummanki Ɗaso tana nan, gwiwa ta matsa mata, amma ba ta fasa hawa bene ta leƙa maƙwabta ba. Ƙaninki Majid ya samu aiki a wani otal kusa da Harami, yana sa kwat yana yi wa baƙi marhaba, har ya fara yi mana kallon ƙauyawa. Kasuwa kuwa ga ta nan. 'Yan umra sun yi yawa, sai dai na yanzu su shinshina turarena, su ɗauki hoton darduma, su ce za su dawo.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin jawwal, wayar hannu. Kin rufe lambar Babanki, kin rufe ta Ummanki, tawa ma da ba na cikin faɗan kin haɗa da ita. Na kuma zaɓi Hausa da gangan, don na san da Larabci za ki kayar da ni tun ban gama sallama ba. Bokon da kika koya a Kano wurin Gwaggo Kabira zai ishe ki ki karanta, ba zai ishe ki ki yi mini lacca ba.

Maganar Babanki ce. Ina zaune a falon ranar Sallah da kika kira ta bidiyo, kika jera mana ƙawayenki na jami'a, masu sassaucin ra'ayin nan da kike yawan yabo. Na ji lokacin da mai gajeren gashin ta tambaye shi ra'ayinsa kan mace ta yi tafiya ita kaɗai, kina fassara. Babanki, Yaya Salihu, bai iya kwana-kwana ba. Ya ce shi har gobe bai yarda mace ta yi doguwar tafiya babu muharrami ba, kuma waƙe-waƙe da raye-rayen da aka buɗe a ƙasar nan ba sa burge shi. Na ga fuskarki ta canza. Da ni aka tambaya, da na yi murmushi na tambayi yarinyar ko ta taɓa cin burodin tamis da wake, a wuce wurin. Shi kuwa ya ƙara da cewa Allah Ya shirye su, maganar da ko ni na san ba ta da wurin zama a gaisuwar Sallah, kuma na faɗa masa haka bayan an kashe waya. Kashegari sai ga dogon saƙonki a zauren iyali na waya, cewa ba za ki ci gaba da magana da masu ra'ayin da ke cutar da mata ba, sai ranar da suka sake tunani. Kika fita, kika ja ƙofa.

'Yata, ban yi karatu mai zurfi ba, amma na tsufa a bakin shago, kuma ina riƙe abin da mutum ya faɗa mini jiya. Da kika zo hutu bara, a shagona kika zauna kina gaya mini cewa abin da ya fi burge ki a wurin mutanen nan shi ne suna sauraron kowa, ba sa korar mutum don ra'ayinsa. Har na ji sha'awa. Domin ni na ga zamanin masu sanda, waɗanda in an kira salla ka yi jinkirin sauke ƙofar shago, su tsaya a kanka suna daka maka tsawa a gaban abokan ciniki. Na ce to, ga wasu sun zo da za a zauna da su a yi gardama a tashi lafiya. Ashe sauraron kowan naku yana da sharaɗi, sai wanda zai faɗi abin da kuka riga kuka yarda da shi. Wancan ya rufe mini shago don na saɓa masa, ke kin rufe wa mahaifinki waya don ya saɓa miki. Na juya abin ta ko'ina, kamar yadda nake juya darduma in ga ko ta Turkiyya ce ko jabu, ban ga bambancin saƙa ba.

Kuma kada ki ɗauka ina bayansa a maganar. A rabin abin da kike faɗa ina tare da ke. Matata, Innarki Aishatu, ta koyi mota, ni ke zama a gefe ina riƙe mata jaka, ban ragu da komai ba. Babanki ya yi ta faɗa a kai, har yau in aka tayar da zancen sai ya ce bai dace ba. Amma wa kike tsammani yake kai shi wankin ƙoda a asibitin Zahir? Ita ce. Yana zaune a baya yana gaya mata mata ba su iya birki ba, ita tana ce masa ya sauka ya hau taksi, su dawo sun tsaya sun sayi lemo. Ba ta sauke shi ba, shi ma bai daina shiga ba. Mutumin da ya ce mace ba ta tafiya ita kaɗai kuma shi ne ya raka ki filin jirgin Jidda, ya tsaya a bakin gilashi har kika ɓace. Bakinsa bai yarda ba, amma ya sake ki. Wannan ba ki fassara wa ƙawayenki ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsarabar. Kin san al'adar gidanmu tun kakanku: ba mai barin Makka zuwa inda namu yake a bar shi ya tafi hannu sake. Da Alhaji Isma'il, mai kawo ayarin umra daga garinku, zai koma, Babanki ya ce a kai shi kasuwa, da kansa ya zaɓo miki dabinon ajwa, ya zo wurina ya karɓi turaren wutan da kike so, Ummanki ta ƙulla yaji. Kika ce wa Alhaji ba za ki karɓa ba. Wataƙila a can hakan yana nufin mutum ya tsaya a kan aƙidarsa. A nan, ko wanda kuka yi shari'a da shi ya aiko maka da dabinon Madina, karɓa kake yi, in ka ga dama ka ba almusakai. Mayar da tsaraba sai wanda ya yanke zumunci.

Shi kuma Alhaji Isma'il, bawan Allah mai amana fiye da wayo, maimakon ya raba wa masallaci ya yi shiru, sai ya adana kayan har ya sake zuwa. Bai biyo ta shagona ba, da na san yadda zan yi da su. Kai tsaye ya wuce mirkaz, dakalin nan na bakin lungu inda dattawa ke zama bayan la'asar, ya ajiye ƙullin a gaban Babanki, da rubutun sunanki a jiki, ya ce amana ce ya dawo da ita. Babanki ya kwance ƙullin, ya miƙa wa na kusa da shi dabinon ya ce a zagaya da shi, ya ce ashe Ingila ma ba su rasa dabino ba. Aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi bai ci ko ɗaya ba. Tun ranar bai sake fitowa mirkaz ba, mutumin da in bai yi musu da Sabo mai gyaran takalmi a kan siyasar Najeriya ba abinci ba ya shiga masa.

Likitoci sun ce za a yi masa aiki a hannu saboda wankin ƙodar, farkon watan gobe. Sun ce ƙaramin aiki ne, amma jikin ba na da ba ne, ya rame har agogonsa yana zamewa. Ba zan yi miki ƙaryar 'yan kasuwa in ce ya sake tunani ba. Bai sake ba, kuma ina jin da ra'ayinsa za a binne shi. In sai ya canza za ki kira, to ki sani ba za ki kira ba ke nan. Na tambaye shi a mota ko in rubuto miki cewa ya ba ki haƙuri, ya ce haƙurin me, shi gaskiyarsa ya faɗa. Sai da muka yi tafiya mai nisa sannan ya ce, yana kallon taga: "Ni da za ta kira ta ce mini ban san komai ba, wallahi da na ji daɗi."

Abin da nake roƙo ke nan. Ban ce ki yarda da shi ba. Ki buɗe lambar, ki kira shi ku yi faɗa, ki kawo duk hujjojin jami'a, shi ya kawo nasa, ku rabu kowa yana ganin shi ya ci. Ki dai yi kafin watan gobe ya kama.

Ummanki tana gaishe ki, ba ta san na rubuto ba, amma na san za ta so a ce ta gaishe ki. Innarki Aishatu da Majid da Manar suna gaisuwa. Ki gai da Alhaji Isma'il, kada ki yi masa faɗa, na riga na yi masa. Ki gai da ƙawayenki, har da mai gajeren gashin. Allah Ya yi miki albarka, Ya nuna mana fuskarki da alheri.

Baffanki,
Mukhtaru mai turare.