Abin da Kunkuru Ke Kewayewa

Fadaman Mada, Bauchi.
Lahadi.

Zuwa ga Yayata Bintu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya damina a Darazo? Mu nan ruwa sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Akwai maganar da in na ɗauki waya sai bakina ya ƙi, kuma kin san Inna, ko raɗa aka yi sai ta ce me ya ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Gadin makarantar da na gada daga Baba yana tafiya, har an ƙara mini wani aiki. An kawo wata malama, Madam Agatha, tana koya wa yara haɗa mutum-mutumi bayan an tashi, daga ƙarfe uku zuwa biyar. Suna ne kawai, bai yi kama da mutum ba. Faranti ne mai taya uku da batir a baya, bai wuce kwanon tuwo ba, yaran suna kiransa Kunkuru. Su rubuta masa umarni a kwamfuta, sai ya bi baƙin salatif da aka liƙa a ƙasa kamar akuyar da ta san gida. A goshinsa akwai idanu biyu kamar murfin kwalba. Madam ta ce ba gani suke yi ba, sauti suke aikawa irin na jemage, in ya bugi abu ya dawo sai Kunkuru ya kewaye abin. Da ta ji na yi shekara biyu wajen mai gyaran rediyo a Ƙofar Dumi, ta miƙo mini dalmar liƙin waya ta ce, “Sabitu, daga yau kai ne injiniya.”

Amma Yaya, ɗakin da aka ba su shi ne tsohon siton nan inda Baba ya rasu. An kwashe karyayyun bencina, an yi fenti, ƙusar da yake rataye hularsa a bangon gabas ce kawai ta rage. Tun bara ban taka ɗakin ba sai yanzu.

Kullum idan ƙarfe huɗu ta kusa, Kunkuru yana zuwa wajen bangon nan sai ya tsaya cak, ya bar salatif, ya yi kwana, ya kewaye siminti fayau wanda ko tsinke babu. Kafin lokacin yana wucewa lafiya, bayan wani ɗan lokaci ma haka. Madam ta ce liƙina ne bai kama ba. Sau uku ina warwarewa ina sakewa. Wani yaro Mansir, sarkin surutu, ya ce ai Kunkuru kiran salla ya ji, buta yake nema. Kowa ya yi dariya, ni na kasa.

Akwai abin da ban faɗa muku ba game da ranar da Baba ya rasu. Shekara guda ina riƙe da shi, yau ma hannuna ya ƙi rubuta shi. Don Allah kada ki karanta wa Inna wannan. Ki ce ina gaishe ta kawai.

Naki ƙane,
Sabitu.

Fadaman Mada.
Laraba.

Yaya Bintu,

Sallama da gaisuwa. Direba ya kawo mini amsarki da kuka da daddawar, Allah ya saka. Kin ce in yi ta addu'a in daina sa abu a rai. Ina yi, amma ki ji abin da ya faru jiya.

Madam ba ta da tsoro, kuma ba ta son a ce ba a san dalilin abu ba. Ta kashe fanka, ta toshe taga da kwali, ta sa na cire idanun Kunkuru na liƙa sababbi. Duk a banza. A baranda yana tafiya sumul, a ɗakin kuwa lokaci na yi sai ya kauce. Sai ta tafa hannu ta ce da irin Hausarta, “Ba aljani a aji nawa. Abin da inji ya gani, za mu auna shi.”

Ta mayar da abin darasi. Akwai lamba a fuskar kwamfuta da ke nuna nisan abin da ke gaban Kunkuru, in fili ne lambar ta yi sama, in da abu ta faɗo. Ta ba Sauda Kunkuru, ita ce shugabar yaran, yarinyar da ta fi kowa kai a aikin. Sauda tana matsa shi kaɗan-kaɗan tana zagaya wurin, duk inda lamba ta faɗo Mansir ya ɗiga alli. Wani yaro Ndubuisi yana riƙe da agogo. Suna yi suna tsokanar juna, wannan ya ce buhu ne, wannan ya ce tunkiyar Layya ce ta dawo ɗaukar fansa.

Sauda ta ɗaga Kunkuru daidai gwiwarta, lamba ta ce da abu. Ta ɗaga daidai ƙugu, babu komai. Ashe abin a ƙasa yake, a duƙe.

Da ɗigon ya zagayo ya haɗe, surutu ya mutu da kansa. Ƙaramar da'ira ta gabas, wurare biyu a gefenta kamar tafin hannu, jiki mai faɗi, sannan ya tsuke ta baya. Mansir ya ajiye allin a hankali ya ce, “Madam, wannan ai mai sujada ne.” Sauda ta duba ƙasa, ta ga a gaban kan take tsaye, ta ja baya da sauri tana salati, kin san ba a gitta gaban mai salla. Ndubuisi bai ɗauke ido daga agogo ba. Da lambar ta koma sama ya ce minti goma sha tara cif, daga huɗu saura kwata.

Madam ta sallami yara tun biyar ba ta yi ba. Ta ce kada in share allin. Da za ta fita ta tsaya ta kalle ni, ta ce ta ji an ce babana a nan ya rasu. Na ce e. Ta dafa ƙofa ta wuce.

Na kulle ɗakin, makullin yana aljihuna. Ko'ina na zauna ina jin nauyinsa.

Ki gaida yara.
Sabitu.

Fadaman Mada.
Litinin.

Yayata,

Ina gaisuwa. Ki nemi inda ba kowa kafin ki karanta wannan.

Mansir ya kai labari gida, gida ya kai unguwa. Iyaye sun zo wajen Hajja mai makarantar, wai ana koya wa 'ya'yansu injin da ke ganin aljanu. Hajja ta ce ranar Juma'a za a garƙame ɗakin, darasin ma ya tsaya. Na ga Sauda bayan aji tana kuka, wata uku suna haɗa Kunkuru don gasar makarantu. Da ta gan ni ta share ido ta ce, “Injiniya, babanka ne ko? Ka roƙe shi mana.”

Ni ma haka na ɗauka. Shi ya sa da safe na buɗe ɗakin na durƙusa ina duba allin. Kin san Baba ba ya tsayawa salla sai daidai ƙusar hularsa. Zanen ba a nan yake ba, ya matsa dama da kamu uku, ya ja baya kaɗan. Kin kuma san gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, in ya yi sujada ƙafar a gefe take. Wannan ƙafafunsa a haɗe suke. Bai kuma kai tsawon Baba ba. Wurin Baba kuwa salatif ya bi ta kansa, Kunkuru yana takawa kullum ba ya ko tsayawa.

Yaya, dama da liman, baya kaɗan, wurin mamu ne. Wurina ne.

Na ce muku ranar na je sayen goro, na dawo na same shi ya sallame salla, carbi a hannu. Ƙarya na yi. Tare muka tayar da la'asar, shi a gaba ni a gefensa, ruwa yana zuba a kan kwano. A raka'a ta uku, sujada ta biyu, na jira kabbararsa ban ji ba. Na ce tsawaitawa yake yi, ya saba. Na ji numfashinsa ya canza, kamar mai minshari. Zuciyata ta ce ɗago, amma tun ina ƙarami ya hore ni kada kaina ya riga na liman tashi, ya taɓa marina a kan haka. Na ce subhanallahi. Na sake cewa. Na yi ta jira goshina a ƙasa, ina gaya wa kaina yanzu zai ce Allahu Akbar. Har minsharin ya daina. Ko a lokacin sai da na ƙara jira.

Da na fita neman keke mai ƙafa uku, agogon ƙofa ya nuna huɗu da minti biyar. A asibiti wata nas ta ce da an kawo shi da wuri da wataƙila. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kowa yana yabona da haƙuri. Ga abin da haƙurina ya yi. Inna kuma duk wanda ya zo ta'aziyya sai ta ce alhamdu lillahi ya sallame sallarsa, da wannan take kwana. Ta yaya zan karɓe mata shi?

Ban san mene ne Kunkuru yake gani ba, ni ba malami ba ne. Na dai san ina nan zaune a bakin ƙofa ina rubuto miki, kuma anjima huɗu saura kwata wani abu mai tsawona zai kifa goshi a ɗakin can yana jira.

Ki yafe mini in za ki iya.
Sabitu.

Fadaman Mada.
Alhamis, bayan la'asar.

Yaya Bintu,

Assalamu alaikum. Na ga kiranki har sau shida, ban iya ɗauka ba. Saƙonki na karanta, na gode da ba ki zage ni ba.

Shekaranjiya na sami Malam Hammajoda, limamin unguwarmu, na tambaye shi kamar maganar wani ce: idan liman ya faɗi cikin salla, me mamu zai yi? Ya ce ya yanke ya taimake shi, ceton rai yana gaba, daga baya ya sake sallarsa. Sai ya daɗe yana kallona, ya ce ajali ba ya jiran keke, kuma wanda ya cika yana sujada ya cika a inda bawa ya fi kusa da Ubangijinsa. Ya ce, “Shi mai tambayar, ya rama sallar tasa?” Yaya, wallahi ban taɓa tunawa ba. Shekara guda ina bin kowace la'asar, waccan kuwa tana nan a raka'a ta uku.

Yau na roƙi Madam ta ba ni ɗakin. Ta fitar da yara baranda, Sauda ce kawai ta tsaya a bakin ƙofa da kwamfuta, ta ajiye Kunkuru yana fuskantar wajen kan zanen. Huɗu saura kwata lamba ta faɗo. Na yi alwala na shiga, na tsaya a ƙarshen allin, ba tabarma. Da na yi sujadar farko, tafukana suka sauka cikin ɗigon kamar da ni aka gwada. Simintin ɗakin sanyi ƙalau saboda damina, amma wurin goshi da ɗumi.

A raka'a ta uku, sujada ta biyu, wuyana ya ƙi. Kunnena ya koma hagu yana saurare. Ina jin ruwa a kan kwano, alhali yau ko hadari babu. Ban san tsawon da na yi ba. Sai na tuna ba wanda zai yi kabbarar nan in ba ni ba. Na buɗe baki na ce Allahu Akbar, na ɗago. Na kawo ta huɗu, na yi tahiya, na sallame. Na yi wa Baba addu'a har hannuna ya gaji.

Sauda ta ce tun da na fara, ko ina tsaye lambar tana ƙasa, sai a wannan ɗagowar ta tashi, kuma minti sha taran ba su cika ba. Ta saki Kunkuru, ya bi salatif ya wuce ta gefen zanen bai ko waiwaya ba. Sau biyar suna gwadawa. Madam ta kira Hajja ta gani da idonta, Hajja ta ce a ƙara musu mako guda a gani. Na ɗebo ruwa na wanke allin.

Saura Inna. Kada ki gaya mata, ba a takarda za ta ji ba. Jibi Asabar zan shigo motar safe. Zan faɗa mata Baba bai sallame ba, a sujada ya tafi, kuma ina gefensa ban tashi ba. Ki zauna kusa da ita don Allah. Ko ta yafe ko ta yi fushi, a gabanta zan zauna in faɗa ina kallon fuskarta.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya jiƙan Baba, ya sa mu cika da imani.

Naki ƙane har kullum,
Sabitu.