Ruwan Tekun Hajiya

Asabar da dare, Yuli 2007, Setapak

Yanzu muka dawo daga Port Dickson, wani gari na bakin teku, ƙafata ɗaya ba takalmi. Hajiya mahaifiyata ce ta matsa min a waya in samo mata ruwan teku ta shafa a gwiwa, ga Sadiya 'yar ajinmu za ta Kano jibi, sai ta kai mata. Na ja Bulus ɗan ɗakinmu muka shiga bas.

Muna sauka aka tsuge da ruwa. Gari shiru, masu kayan wanka sun lulluɓe hajarsu da leda, kedai, wato shago, ɗaya ce a buɗe. Muka gangara bakin teku, sai laka shimfiɗe, ruwan can nesa kamar an kore shi. Wallahi na ɗauka ƙafewa ya yi irin ta kogin garinmu. Mai kedai ta yi ta dariya, wai kullum haka yake, sai dare zai dawo. Motar ƙarshe kuwa ba za ta jira dare ba.

Bulus ya ce, "Mutumina, zuba gishiri a ruwan famfo kawai, wa zai sani?" Ko kallonsa ban yi ba. Na naɗe wando na kutsa da gorata, ruwa na dukana, har na kai. A dawowa laka ta cinye takalmin.

Wai kuma rabin gorar ruwan sama ne, in ji Bulus. Na ɗanɗana, gishiri kamar ya yanke harshe.

Takalmin Hajiya ce ta saya min ranar da zan taho. In ta tambaya, zan ce mata teku ma ba ya ba da magani kyauta.