Tawadar da Ta Hau Bakin Alƙalaminka

Gwarzo, ranar Laraba

Zuwa ga Malam nawa, maigidana, inuwar tsamiyata a tsakar ranar bazara, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, sanyin idona kuma kwanciyar hankalina.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta cika wa ƙirji. Yaya karatun yara, yaya sharar gona, yaya ƙafar Inna? Ina fata duk mutanen garinmu Gude lafiya. Mu ma nan lafiya lau, 'yan matan ajina suna ta shirin jarrabawa. Malamarsu ce dai tun jiya ta kasa tsayar da hankalinta wuri ɗaya.

Jiya ƙanwarka Altine ta biyo ta makaranta bayan ta sayar da wakenta. Ko zama ba ta yi ba, ta miƙo mini ƙunshin tsumma ta ce, "Matar Yaya, ga saƙonki. Wai hannunsa ba na irin wannan ba ne, kuma ajin yaƙi da jahilcin nan ma ya haƙura da shi." Na kwance tsumman, sai ga alƙalamin nan mai shan tawada da na ba ka ranar da ka fara koyon boko, bakinsa ya yi shuɗi kaca-kaca, duk ya sha karta. Wayyo, Malam! Ashe abin da ya hana ni wasiƙarka ta mako-mako har sau uku ke nan? Ashe shi ya sa in na kira waya sai ka ce "lafiya lau" sau biyu ka yi sallama? Ni ina nan ina laluben laifina, kai kana can kana ɗauke da kunyar abin da ba laifinka ba ne!

Sai da na matsa wa Altine ta faɗa mini sauran. Ta ce tawada ta riƙa hawa saman bakin alƙalamin, kana gogewa da gefen riga tana dawowa, har ka zaro reza a cikin aji ka shiga fiƙe shi. Ta ce Mijinyawa tela ya leƙo ta kafaɗarka ya ce, "Gafarta Malam, ai wannan ba karan dawa ba ne! Ko kaciya za ka yi masa?" Aji ya kwashe da dariya, kai kuma ka naɗe littafinka ka fita. Altine tana ba ni labari tana danne dariya, ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido. Na san ka. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, wanda manya ke durƙusa masa, a ce an yi masa dariya a kan abin rubutu?

To, hasken rayuwata, zauna ka saurari malamar makaranta, yau kai ne ɗan ajina guda.

Wallahi ba hannunka ba ne. Tawadar irin wannan alƙalami ba ta da ƙaro kamar ta allo; an yi ta ne tsararo don ta bi 'yar siririyar tsagar nan ta sauka kan takarda. In tsararon ya yi yawa, sai ta ƙi tsayawa cikin tsagar, ta malalo saman ƙarfen kamar raɓa a kan ganyen masara. Wadda na haɗo maka da ita irin wannan ce, sai jiya na gane da na gwada ta a nawa. Ka ga laifin farko nawa ne. Sannan kana saka shi a aljihun gaba ka hau babur cikin wannan zafi. Zafi na kumbura iskar da ke cikinsa ta turo tawada waje, gargadar hanya kuma ta watsa ta cikin murfi, duk buɗewa ka tarar da baki ya jiƙe. Gogewar da kake yi ma ita ke ƙara janyo ta, domin zaren riga da ya taɓa tsagar sai ya tsotso wata sabuwa, kamar yadda lagwani ke jan mai. Rezar kuwa, abin da duk mai hankalin da ya tashi da alƙalamin kara zai yi ke nan: ya ƙi rubutu, a fiƙe shi. Sai dai a jikin ƙarfe kowace karta 'yar hanya ce da tawada za ta bi. Wa ya gaya maka wannan? Ba kowa. Ni da ya kamata in gaya maka, ɗoki ya sa na miƙa maka kyauta ban miƙa maka bayaninta ba. Ka yafe mini.

Na wanke shi. Na juye tsohuwar tawadar, na yi ta zuƙa masa ruwa mai sanyi ina fitarwa har ruwan ya fito fes, na jingine shi a kan tsumma mai laushi ya bushe. Na zuba masa wata tawadar wadda ba ta kai waccan gudu ba, ga ragowar kwalbar nan tare da shi. Ka riƙa ajiye shi baki sama, a inuwa, cikin jakar littattafanka. Kada ka sa masa ruwan zafi, kada ka taɓa bakin da yatsa, domin maiƙon hannu ma na jan tawada. In ka ga ta hau, ɗan dangwala tsumma a gefe, kada ka murza. Kuma ka sassauta masa, rabin raina, ba ya son dannawa. Riƙe shi kamar yadda kake riƙe ɗan tsako.

Ba zan ɓoye maka ba: kartar ba za ta goge ba. Zai ci gaba da ɗan yin shuɗi a baki har abada. Amma na rubuta shafi biyu da shi, ko sau ɗaya bai yanke ba, bai ɗiga ba. Wannan wasiƙar ma da shi nake rubuta ta. Dubi layukan da kyau, ka ga wani aibi? Wata malama a nan ta ce in kai shi Kano a sauya bakin. Na ce a'a. In na dubi kartar nan, hannun mijina nake gani yana ƙoƙarin gyara abu don ya rubuto mini.

Ka tuna ranar da ka kawo ni kama aiki Gwarzo, ruwa ya tare mu a hanya, babu gida babu rumfa? Ka tsayar da babur, ka karɓi takardun makarantata ka cusa cikin rigarka, ka duƙa a kansu ka ba ruwan baya. Ka jiƙe sharkaf, rawar sanyi har haƙora, amma ko ɗigo bai taɓa su ba. A lokacin ko harafi ɗaya ba ka iya karantawa a cikinsu, ka dai san nawa ne. Ina tsaye ina kallonka na ce a raina, ya Allah, me na yi Ka ba ni wannan bawa naKa? Mutumin da ya yi wa karatuna haka, yau zan zauna in ga nasa ya tsaya saboda ɗigon tawada?

Bari in gaya maka tsorona, tunda ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Tun kafin aurenmu masu magana suka ce 'yar boko da mutumin allo ba za su daɗe suna jin yaren juna ba. Ban taɓa kulawa ba sai makonnin nan uku. Wasiƙunka su ne igiyar da ta haɗa Gwarzo da Gude. Layinka na farko, wanda haruffansa ke hawa da sauka kamar kunyar gona, ya fi mini duk littattafan da na karanta. Ba don ka zama ɗan boko nake so ka koma aji ba. Ilimin da ke ƙirjinka ko rabinsa ban taka ba. Ina so ne kada a sami wani ɗaki a rayuwata da za ka tsaya a bakin ƙofarsa kana jin ba naka ba ne. In ka ajiye alƙalamin nan yau saboda kunya, gobe me kuma za ka ajiye? Ina kewarka kamar yadda shuka ke kewar ruwa in damina ta yi jinkiri, ina kewar muryarka, ina kewar ko da kurakuranka!

Ranar Asabar akwai aji. Ka je, don Allah. In Mijinyawa ya sake buɗe baki, ka tambaye shi allura nawa ya karya kafin ya iya ɗinki.

Kuma don kada ka ce mai ilimi ce ke yi wa mai koyo wa'azi, juya bayan takardar nan. Jiya da la'asar na sami kara na fiƙe da kaina, na yanki yatsa har sau biyu, na aro tawadar allo a maƙwabta, na rubuta maka layi uku da ajami, wanda rabona da shi tun ina 'yar shekara tara. Na san abin dariya ne. Ka yi dariyarka har ka gaji, ka nuna wa Altine ma in ka so. Sannan ka ɗauki alƙalaminka ka gyara mini kowane kuskure, ka rubuto mini da boko inda na ɓata. Ba zan sake gwadawa ba sai na ga gyaran malamina.

Ni ce taka, jiya da yau da duk kwanakin da Allah Ya rubuta mini, ba ni da wani bango sai kai.

Matarka kuma sabuwar ɗalibarka,
Lauratu