Robar da Aka Sa Mini a Baki

Litinin, 8 Janairu 2024
Rahinatu ta ɗauke ni a moto, babur ɗinta, har unguwar Wemtenga, wurin likitar haƙori. 'Yata ce ta fari, ba ta jin a'a. Likitar ta leƙa ta ce haƙoran sama sun rufe na ƙasa ruf, na ƙasan ne ke sukar ganɗata, shi ya sa nake tofar da jini. Na ce haka bakin ubana yake. Ta ce, ya mutu da haƙoransa? Bai mutu da su ba.

Alhamis, 25 Janairu
An ba ni abin. Roba ce garai-garai kamar ruwa, an yi ta daidai bakina. Kullum tana ciki, sai in za a ci abinci. In ta gama nata a sa wata. Ba goro, ba shayi mai zafi. Tana matsa. Tun rasuwar Indabo matata ban cika kula da abin da ke ciwo ba.

Juma'a, 2 Fabrairu
Bayan masallaci mutanen gidan Aliyu Sani sun zo. Ɗansu Razak zai auri Nana ta unguwar Cissin, suna son sanin ko akwai nono tsakani, wato ko mace ɗaya ta shayar da su. Aikinmu ke nan ni da abokina Salifu tun da unguwarmu, tsohon Zango, ta watse: wa ya zo daga Tawa, wa ya haifi wa, wace ta shayar da ɗan wa. Na buɗe baki, yawu ya riga magana fita, harshe na tuntuɓe. Wata mata ta danne dariya da mayafi. Ba zan cusa yatsa a baki in zaro roba gaban mutane ba. Na ce su je wurin Salifu. Ban ma tsaya na yi tunanin sunayen ba.

Talata, 13 Fabrairu
Ban fita ba.

Asabar, 24 Fabrairu
Salifu ya zo da sandarsa. "Dogo, an ce an sa maka takunkumi." Ya ɓare goro ya miƙo rabi, yadda muke yi tun muna samari. Na ce an hana ni. Ya ce, "Kai ake hanawa? Lalle duniya ta zo ƙarshe." Da zai tashi ya ce kansa ya fara yoyo, jiya ya nemi sunan kakarsa ya rasa, in fito in kama masa. Na ce sai na gama da roba. Ya ce, "Wa ya ce maka zan jira haƙoranka?"

Talata, 19 Maris
Azumi. Ba ci, ba sha, ba magana. Roba ta sami yadda take so. Jinin ya tsaya.

Lahadi, 14 Afrilu
Salifu ya rasu da hantsi. Mun kai shi, rana kamar wuta. A maƙabarta liman ya waiwayo ni, don in faɗi ko shi ɗan wane ne kamar yadda aka saba. Na ja rawani na rufe baki. Na dawo gida, na ci tuwo, na goge haƙora, na mayar da roba. Na jira in ji wani abu. Shiru.

Laraba, 1 Mayu
Rahinatu ta ce, "Baba, an sa ranar Razak da Nana. Baba Salifu ya ce musu babu komai."
Akwai komai. Marigayiya Salamata mai fura ta shayar da Razak lokacin da uwarsa ke kwance lopital, wato asibiti. Daga baya uwar Nana ta mutu a haihuwa, Indabo ce ta goya jaririyar ta kai wa Salamata ɗin. Ina zaure ta wuce da ita. Duk waɗanda suka sani suna ƙasa.
Ba ruwana, na ce wa kaina.

Juma'a, 3 Mayu
Na je gidan Aliyu Sani. Da robar a baki, don na manta da ita, ko ban manta ba, oho. Na faɗa musu, da yawun da komai. Aliyu Sani ya ce in sake faɗa, bai ji ba. Na sake. Ya ce, "Malam, ina kake tun farko?" Razak ya tashi ya fita ba takalmi. An fasa auren.
A hanya sai da na tsaya na huta. Zafin rana ne.

Litinin, 6 Mayu
Likita ta ce na ƙasa sun fara leƙowa. Ta miƙo madubi, ban duba sosai ba.
A kan moto na ce wa Rahinatu ta zo ran Asabar da wayarta mai ɗaukar murya. Ta ce, "Na me, Baba?" Na ce ba na komai ba, 'yan sunaye ne. Za mu fara da gidan su Salifu, daga kakarsa.
Ta ce ko in cire robar in za a ɗauka, don muryar ta fita.
Na ce a'a. Maganar da tsawo, haƙoran nan sai sun kai ni ƙarshenta.