Wai Malam Kaka Ya Ruɗe

Assalamu alaikum Yaya Habu. Ya Fatakwal, ya iyali, ya tumbin nan naka?

Raina a ɓace yake. Mun kai Malam Kaka asibiti kan hawan jini, likita ya ce jijiyoyinsa sun tsufa, zai gwada ƙwaƙwalwarsa. Ya tambaye shi watan da ake ciki, Malam ya ce Rajab. Likita ya ce ya zana agogo, mutumin da inuwa ke gaya wa azahar! Wai Malam ya ruɗe, don haka Baffa Sale zai karɓe makarantarsa ranar Asabar.

Jiya da gangan na tsallake aya a gaban Malam, ya murɗe mini kunne, har yanzu kunnena zafi yake. Wannan ne ruɗaɗɗe?

Ka kira Baffa, maganarka yake ji. A sa mu a addu'a, gaida yara.

Ƙaninka Ɗanliti, Lausu